Mun Yi Binne

Ina ɗauke da buhun siminti a ka saƙon ya same ni. Wata babbar mota ce, irin wadda mutanen Maraɗi ke kira kamyo, ta tsaya a bakin shingen kan iyaka na Jibiya. Direban ya leƙo ta taga yana ɗaga murya saboda ƙarar inji.

"Wane ne Bitrus na wajen Gangara?"

Na ɗaga hannu ɗaya.

"Maiɗakinka ta tare ni a bakin titi, ta ce a gaya maka sun yi binne!"

Na ce, "Madalla! Allah ya kiyaye hanya!"

Aka ɗaga masa shinge ya wuce Nijar. Na sauke buhun, na zagaya bayan tulin kaya inda ba mai ganina, na durƙusa na gode wa Allah. Da dukan zuciyata na gode masa. A wurin manomi, binne shi ne shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa tun ruwan farko bai sauka ba, a bar iri a ciki yana jira. Abin da kunnena ya ji ke nan. Ban san ɗiyata Hannatu aka binne ba sai bayan kwana huɗu.

Bana ruwa ya yi jinkiri. Shekaranjiya da safe ɗana Luka, wanda gonar ke hannunsa yanzu, ya shigo gaishe ni, ya ce, "Baba, mun gaji da duban sama, gobe za mu yi binne." Na ce masa to. Da ya fita sai na zauna ina juya kalmar nan a raina. Shi da ƙannensa sun san sun taɓa yin yaya, sun san sunanta, iyakar abin da suka sani ke nan. Shi ya sa na nemi takarda.

Mu 'yan wani ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Gangara, gidajen ba su kai ashirin ba. Mahaifina Bamaguje ne, a kan addinin kakanninsa ya rayu, a kansa ya mutu. Kowace shekara kafin shuka yakan yanka zakara a gindin tsamiyar da ke bakin gonarmu. Nomau ya raɗa mini. Bitrus kuwa na same shi ranar da aka yi mana baftisma ni da matata Saratu, bayan mun yi shekara biyu muna koyo wurin Malam Yohanna, mai wa'azin da ya zo ya kafa 'yar majami'a ta kara a ƙauyenmu. Shi ya koya mini wannan rubutun da nake yi. Ban taɓa zama a aji ba. Baba bai kore ni ba da na bi Almasihu, amma har ya bar duniya bai taɓa kirana Bitrus ba.

Hannatu ce ɗiyarmu ta fari, a lokacin kuma ita kaɗai ce. Shekararta huɗu. A al'adarmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma mace na alfahari da ita. Ni na bar wannan al'ada, domin Malam Yohanna ya ce ba laifi ba ne uba ya kira abin da Allah ya ba shi da sunansa. Saratu ta kasa. "Yarinyar nan" take cewa, tun ranar suna. Baba kuwa amaryarsa yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Takan zauna a bayansa tana kwaikwayon tarinsa, shi kuma ya juyo ya ce, "Amarya, in ba ki bari ba yau ɗin nan zan sake ki."

Farin ya zo ne a shekarar da aka canja mana kuɗi zuwa naira. Ruwa ya sauka, muka shuka, ya ɗauke. Ya sake sauka, muka sake shuka. Gero ya kai gwiwa ya tsaya. A watan da ya kamata a yi marka, sama fara fat take wayewa, fara fat take wuni. Ganye ya nannaɗe kamar an gasa shi. In ka shiga gona da rana sai ka ji tana ƙamshin ciyawar rani, alhali damina ake ciki.

Kowa ya roƙi ruwa ta hanyar da ya sani. Maƙwabtanmu Musulmi suka fita bayan gari da yaransu da dabbobinsu suka yi salla. Mu muka taru a majami'a kwana uku muna azumi, azumin da ba shi da wuya, don dama babu abin ci sosai. Baba ya ɗauki zakaransa na ƙarshe ya nufi tsamiya. Da ya dawo ya same ni ina gyaran danga.

Ya ce, "Nomau, na yanka, amma hannu ɗaya na yanka da shi. Ɗana na hwari ba ya wurin. Ka san masu gona, iskokin tsamiyar nan, suna ƙirga kai."

Na ce, "Baba, har Maraɗi babu ruwa. Can ma ni na hana?"

Ya ce, "Ban sani ba. Na dai san kahin ka tahi wurin mai littahin can, rumbuna bai taɓa yin ƙara ba in an buga shi."

Gaskiya ne rumbun ya fara ƙara.

Da kaka, gonar da kan cika mana rumbu biyu ba ta rufe gindin ɗaya ba. Na zauna na zaɓi zangarniyar da ta fi ƙwaya, ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure ɗan dami guda. Wannan shi ne iri. Na rataye shi a cikin ɗakinmu, can sama kusa da jinka inda hayaƙi ke kaiwa, don kada ƙwari su taɓa shi. Duk wanda ya kwanta a ɗakin nan ya buɗe ido, shi zai fara gani.

Yunwa ba rana ɗaya ta shigo ba. Da farko muka bar furar rana. Sannan tuwo ya koma kunu. Sannan kunun ya koma na dusa. Awakinmu uku, biyu muka sayar, ɗaya ta kwanta ba ta tashi ba. Da rani ya yi nisa rijiyar ƙauye ta ƙafe. Saratu takan fita tun da sassafe zuwa gulbi, inda ba ruwa sai yashi, ta tona rami da hannu har ya kai kafaɗarta, ta zauna tana jiran ya tsattsafo, tana kwasa da ƙoƙo. Tulu ɗaya kan ci mata rabin safiya. In ta dawo sai ta shiga daji neman ganye: yaɗiya, busasshiyar tafasa, duk abin da akuya za ta ci ba ta mutu ba. Akwai 'ya'yan anza, masu ɗacin da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu, ga shi ruwan ma abin nema ne. Mata suka koma tona gidan tururuwa suna kwashe 'yar ƙwayar da ta tara. Na ga matata tana sheƙar ƙasa a faifai don ta fitar da abin da bai cika tafin hannu ba.

Ta gefen ƙauyenmu mutanen arewa ke wucewa, daga cikin Nijar. Buzaye da matansu a ƙasa, ba raƙumi. Fulani riƙe da sanda, ba saniya ko ɗaya a gabansu, amma suna tafe a jere kamar har yanzu suna kora. Iska in ta kaɗo daga arewa warin mushe take kawowa. Ungulu sun ƙoshi har ba sa tashi in ka matso.

Sai bazara ta kama. Zafin shekarar nan ban sake jin irinsa ba. Ƙasa ba ta takuwa da rana. Tabarma zafi, bango zafi, ruwan randa kamar an ɗora a wuta. Gashin Hannatu ya yi ja ya yi laushi, cikinta ya fito, ƙafafunta suka zama kamar kara. Ta daina kwaikwayon tarin kakanta. Takan kwanta a ɗaki da rana idonta a sama.

Wata safiya Saratu ta kawo mini ruwa, ba ta tafi ba, ta durƙusa a gefe.

Ta ce, "Maigida, a sauke damin can."

Na ce, "Wane dami?"

"Ka san wanda nake nuhi. Ko zangarniya goma ce. In yi wa yarinyar nan kunu na gaske, ko na kwana kaɗan. Ganyen nan ba ya zama a cikinta."

Na ce, "In an taɓa goma yau, jibi za a taɓa ashirin. Ranar da ruwa ya sauka mi za mu sa a ƙasa? Wa ke da irin da zai ba wani bana?"

Ta ce, "In ruwan ya sauka, wa za a noma wa?"

Ba ta taɓa mayar mini da magana irin haka ba. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ne ya ɓata shi. Na ce, "Allah da ya ba mu ita ba zai bari ta mutu ba. Ki ba da gaskiya, Saratu."

Ta ce, "Na ba da gaskiya. Ita dai yunwa take ji."

Ta ɗauki ƙoƙon ta fita.

Na daɗe ina auna wannan magana tawa. Lissafina ba na banza ba ne: damin nan ko duka aka daka ba zai kai mu damina ba, kuma gidan da ya cinye irinsa ya sayi yunwar shekara mai zuwa. Kowane manomi ya san haka. Amma ba lissafin na gaya mata ba. Sunan Allah na ɗauka na rufe mata baki da shi. Na yi alkawari a madadinsa, alkawarin da bai aiko ni in yi ba.

Kashegari na yanke shawarar tafiya Jibiya. An ce a kan iyaka ana neman masu dako, kuma yawancin mazan ƙauyenmu sun riga sun watse neman abinci. Kafin in fita na ce mata, "Mako biyu ko uku zan yi. Kada a taɓa damin nan. In kin ga gabas ta hwara haɗa hadari, kada ki jira ni, ku yi binne ke da Baba, ki aiko mini in sani." Ta ce to. Hannatu na kwance. Na taɓa kanta na ce zan kawo mata madara ta gwangwani. Ta ce, "Mai zaƙi?" Na ce mai zaƙi.

Tafiyar wuni ce ga mai yunwa. Abin da na tarar a can bai yi kama da ƙasar da na baro ba. Lokacin kuɗin man fetur ya fara shigowa, ana ta faɗi a rediyo cewa Nijeriya ta yi arziki. Motoci a jere tun daga shingen har inda ido ya ƙare: siminti, kwanon rufi, atamfa, kekuna sababbi a cikin takarda, buhunan shinkafa da sukari. A gefen titin kuma, ƙarƙashin kowace bishiya, mutanen da suka gudo wa fari ne zaune da ƙorai a gabansu. Mu masu dako muna tsakani. Arzikin nan duk ta kanmu yake bi, daga wannan mota zuwa waccan. Na ɗauki shinkafa a ka wuni guda cikina ba komai sai garin rogo da ruwa. In buhu ya fashe, mukan bari mota ta tashi, mu durƙusa mu tsince ƙwayar daga cikin yashi.

Abokin aikina wani mutumin Maraɗi ne, Mamman, dogo mai yawan ba'a. Shi kan ɗora mini, ni in ɗora masa.

Yakan ce, "Ɗan Mishan, kai da ba ka da azahar ba ka da la'asar, riƙe mini layi in je in gaida Ubangiji."

In ce, "Ka gaishe shi, ka ce Bitrus na nan tahe ran Lahadi."

Ya ce, "Bamaguje ya bar giya ya kama waƙa! To, in ce masa mi kake so?"

In ce, "Ruwa."

Ya ce, "Wannan kam bakinmu ɗaya."

Duk abin da aka ba ni da yamma nan take nake mai da shi hatsi, jar dawa da garin rogo, ina zubawa a buhu guda. Niyyata in ya cika in tafi. Ya kai kashi biyu cikin uku ranar da direban nan ya kawo saƙo.

Da na fito daga bayan kaya ina murmushi, Mamman ya tambaye ni, na gaya masa. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Binne yanzu? Ko gajimare ban gani ba. Matarka ta hi ka zuciya, ko kuwa ta san abin da ba mu sani ba. Ba ka leƙa gida?"

Na ce, "Ni na ce ta yi. Bari in cika buhun nan tukuna."

Kwana huɗu na ƙara. Na yi aiki a kwanakin nan da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har ina waƙa ƙarƙashin buhu. Na sayi madarar. A rana ta biyar da sassafe Mamman ya ɗora mini buhuna, ya ce in gaida mai binne.

Na iso da la'asar, na biyo ta gona don in ga aikin. Ƙasa shafe take. Babu saran sungumi, babu sawun diddige, sai 'yan layukan da iska ta zana a yashi. Na tsaya da buhu a ka ina dubawa. Na ce a raina wataƙila a ƙaramar gonar Baba suka fara. Har a lokacin ban gane ba.

Baba na zaune a ƙofar gida. Ya rame fiye da yadda na bar shi. Bai amsa gaisuwata ba.

Ya ce, "Sai yau, Nomau?"

Na ce, "Baba, na ji saƙo, na tsaya in cika buhu ne. Ina kuka yi binnen? Na biyo ta gona ban ga sara ba."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Sannan na ga fuskarsa ta canja, ya gane abin da ban gane ba.

Ya ce, "Bayan majami'arku. Ni na haƙa da hannuna. Sauke kayanka, ɗana. Amaryata ta tahi."

Ban san yadda buhun ya sauka ba.

Ƙyanda ce ta shigo ƙauyen bayan tafiyata. Yaro mai ƙoshi kan tashi daga ita. Hannatu kwana uku ta yi. Babu maza masu ƙarfi a gari, sai Baba da wani tsohon maƙwabcinmu Musulmi, Malam Sule, suka yi ta karɓa-karɓar fartanya a ƙasar da ta yi tauri kamar dutse. Baba da kansa ya je ya kira Malam Yohanna, ya ce a yi mata addu'a irin ta addinin ubanta. Shi ne karo na farko da na ƙarshe da ya taka harabar majami'a.

Na shiga ɗaki. Saratu na zaune a ƙasa ta jingina da bango. Na ɗaga kai. Damin na nan a rataye, ɗaurin da na yi masa ko motsi bai yi ba.

Na ce, "Saratu, mi kika ce wa direban?"

Ta ce, "Na ce mun yi binne."

"Ba ki ce an yi rasuwa ba. Ba ki hwaɗi suna ba."

Ta ɗago ta dube ni. Idonta a bushe. Ta ce, "Yaushe ka taɓa jin na hwaɗe shi?"

Ta yi tafiyar rabin wuni zuwa bakin titi, ta tsaya a gaban baƙon namiji, bakinta ya kasa furta cewa 'yarta ta fari ta mutu. Ta faɗi iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa, tana ganin uba zai gane. Shi direban, da yake Musulmi ne ɗan birni, da mutuwa ake nufi jana'iza zai sa ran ji. Ya kawo abin da aka ba shi bai rage ba bai ƙara ba. Ita kuma ta yi kwana huɗu tana duban hanya, tana zaton na ji na ƙi zuwa.

Ta ce, "Da ka ji, mi ka ce?"

Na ce, "Ba komai." Ƙarya na yi mata.

Lahadi biyu ban je majami'a ba. Ban yi addu'a ba, ko ta cin abinci. In na rufe ido sai in ga kaina durƙushe a bayan buhunan siminti. Abincin da na kawo muna ci, yana wucewa kamar yashi. Gabas kuwa shiru, zafi sai ƙaruwa yake. Nakan zauna a inuwar rumbu tun safe har yamma, ban san abin da nake jira ba.

A nan Malam Yohanna ya same ni wata rana da hantsi. Shi ma ya zama ƙashi da fata, rigarsa na lilo a jikinsa. Bai buɗe littafi ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ni.

Na ce, "Malam, na gode wa Allah a kan mutuwar ɗiyata. Na durƙusa na ce masa madalla. Yana ji, ya san abin da ke cikin ramin, ya bar ni ina godiya. Kwana huɗu ina waƙa."

Ya ce, "Ya sani."

"To don mi? Na ce wa uwarta ba zai bari ta mutu ba."

Ya ce, "Wannan kai ka faɗa, Bitrus, ba shi ba. Don me ya bari, ban sani ba. Yara biyar na binne a watan nan, kowace uwa ta tambaye ni, ban da amsa. In na ƙirƙiro maka wata, ƙarya ce." Ya ɗebi ƙasa yana murzawa. "Abin da na riƙe guda ne. Uban wanda muke bi ya san yadda ake sa ɗa a kabari. Ba daga nesa yake kallonka ba. Bai yi maka dariya a bayan buhunan nan ba."

Na ce, "Ba zan iya yi masa magana ba."

Ya ce, "To kada ka yi. Zo ka zauna a baya ran Lahadi, mu za mu yi, kai ka ji. In ka ga dama ka yi masa faɗa. Ya fi ka bar shi."

Na je. A baya na zauna, bakina a rufe. Mu tara ne a ciki, muryoyin ba su da ƙarfin kaiwa ƙarshen waƙa.

Lokacin shuka ya yi, ya fara wucewa. Wata yamma aka ga walƙiya can ƙasa-ƙasa a gabas, ba ƙara, ba iska. Ya kamata a sa iri a ƙasa, na sani, amma na kasa duban damin, na kasa faɗin kalmar. Da gari ya waye sai na ji ana sussuka a tsakar gida. Na fito. Saratu ce. Ta hau turmi ta sauko da shi da kanta, ta kwance, tana bugawa a hankali don kada ƙwaya ta fashe. Ta sheƙe, ta zuba a ƙwarya, ta miƙo mini sungumi.

Ta ce, "Tashi. In ba a sa shi a ƙasa ba, a banza ke nan aka hana ta."

Muka tafi gona mu biyu. Ina gaba ina sara, tana bayana tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ƙasar na ƙona tafin ƙafa, kowane sara sai ƙura ta tashi. A wani layi na waiga na ga tana ƙirga ƙwayar da yatsa kafin ta saki, kada ta wuce ƙima. Kwana biyu muka yi. Da ƙwaryar ta ƙare ta kife ta, ta buga gindinta, ta ɗora a ka.

Daga nan ba mu da komai. Babu iri a ɗaki, babu yarinya, buhun da na kawo ya kusa ƙarewa. Duk abin da muka mallaka yana ƙarƙashin ƙasa. Hatsarin binne shi ne yayyafi: in ɗan ruwa kaɗan ya sauka, iri ya tsiro, rana ta kashe shi, shi ke nan. Ga zabin daji da ɓeraye suna tono. Kullum ina gona ina korarsu, ina duban gabas. A kwana na shida hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. A ranar ne bakina ya buɗe. Ina tsaye a tsakiyar gona na ce, "Ya Uba, ka karɓi ɗaya. Ga sauran nan a hannunka. Ba ni da wani wurin zuwa." Ba addu'ar kirki ba ce, da ɗaci na yi ta. Amma ita ce ta farko.

A kwana na tara da azahar ya sauko. Iska mai sanyi ta fara zuwa, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wuri. Sai ɗigo manya-manya, kowanne na tayar da 'yar ƙura inda ya faɗi. Sai ya ɓarke. Mata suka fito da tukwane da ƙorai, wasu na guɗa, wasu na kuka. Baba ya fito ba riga ya tsaya a tsakar gida, ruwa na bin haƙarƙarinsa.

Ya ce, "Nomau, na wa ne wannan? Naku, ko na su Malam Sule, ko nawa?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Ya dai sauka a gonar kowa."

Na nemi Saratu ban gan ta ba. Daga baya na hango ta bayan majami'a, tana jera duwatsu a gefen kabarin don kada ruwa ya zaizaye shi.

Geron ya fito, kuma damina ta yi kyau. Kafin ya nuna mun sha wuya ƙwarai, da ganyen da ruwa ya fitar muka rayu. Ranar godiyar kaka na ɗauki dami guda na kai gaban majami'a kamar kowa. Da aka ce kowa ya faɗi abin godiyarsa, na tashi na tsaya, kalmar godiyar ta ƙi fitowa. Na ajiye damin na koma na zauna. Ba zan ce na gane abin da Allah ya yi ba, har yau ban gane ba. Na dai ci gaba da zuwa, shi kuma bai sake ni ba. Ya ba mu 'ya'ya biyar bayan Hannatu, duka suna raye.

Yanzu Luka na da waya a aljihu. In akuya ta haihu a ƙauye, ƙaninsa da ke Katsina zai ji kafin ta lashe ɗanta. Iri kuma a kasuwa ake saye, cikin leda. Matan 'ya'yana suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, har da ɗaga murya, ba wanda ya ga abin mamaki.

Saratu ba ta sake ɗaga mini maganar damin nan ba, ko a cikin faɗa. Ni kuma ban taɓa gaya mata abin da na ce wa direban ba, ban kuma roƙe ta gafarar abin da na faɗa mata da sunan Allah ba. Kullum ina cewa sai an sami lokacin da ya dace. Shekara uku da suka wuce, muna zaune da rana tana ɓarar gyaɗa, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Maigida, akwai maganar da nake so mu yi a kan shekarar nan ta yarinyar nan. Amma ba yau ba." Na ce duk ranar da ta shirya. Na ji daɗi da ta ce ba yau ba.

Ta rasu bara da kaka, bayan ciwon kwana biyu. Maganar nan ba mu yi ta ba.